Tambayoyinku: Me ya sa malami ya ja mini jan biro?

Malam, ina gaisuwa da fatan alheri. Ina aji uku na babbar sakandare, bana zan rubuta WAEC. A gwajin da muka yi na rubuta "I am living in Funtua since ten years", sai malaminmu ya ja jan biro a ƙarƙashin jimlar, bai yi bayani ba. Haka ya yi wa "Although I was tired but I finished the work". Ina laifinsu?
Ɗalibarka daga Funtuwa.

'Yata, Allah ya ba da sa'a. Jimlarki ta farko kuskure biyu ke cikinta, kuma duka biyun daga Hausa kika ɗebo su.

Na farko, "since" tana son ki nuna mata inda abu ya faro: "since 2015", "since Monday", "since I was born". Idan kuwa tsawon lokacin za ki faɗa, shekara goma ko awa biyu, "for" ce ke da wurin. Kafin ki rubuta, tambayi kanki: ranar farawa na ambata, ko adadi na ƙirga? In akwai ƙirge, ɗauki "for".

Na biyu shi ne ya fi kayar da ɗalibai. Mu a Hausa mukan ce "ina zaune a Funtuwa tun 2015", magana ta zauna daram. Sai ɗalibi ya ɗauki "ina" ya mayar da ita "I am", ya wuce abinsa. Turanci bai yarda ba. Duk abin da ya fara a baya kuma yake ci gaba har yanzu, "have" ko "has" yake bukata. Don haka ki rubuta "I have been living in Funtua for ten years". In kin ga dama ki ce "I have lived", duk daidai ne. Ko masu digiri za ki ji suna cewa "I am here since morning" a layin banki, kada yawan jin ta ya sa ki ɗauka ta halatta. "I have been here since morning" ake cewa.

Ita kuma "ago" ba ta shiri da irin wannan "have" ɗin. "I came to Funtua ten years ago", shi ke nan.

Jimla ta biyu mai sauƙi ce. "Ko da yake na gaji, amma na gama aikin" Hausa ce lafiyayya. A Turanci "although" da "but" kishiyoyi ne, ba sa kwana ɗaki ɗaya. Zaɓi guda: "Although I was tired, I finished the work", ko "I was tired, but I finished the work". Dokar nan ta hau kan "because" da "so" ma.

Tunda jarrabawa za ki shiga, ga wani da mai duba takarda ba ya yafewa. "However" ba ta iya haɗa jimla biyu da waƙafi kaɗai. Ki ɗiga aya tukuna, sannan ki fara: "I was tired. However, I finished the work." Kuma don Allah ki bar "next tomorrow" a zauren hira. In jibi kike nufi, "the day after tomorrow" za ki rubuta.