Amsar tambayar da aka yi kan Hokuto no Ken

Assalamu alaikum, jama'ar wannan zaure. Ƙanena, na saurari tambayar da ka turo, inda ka ce ka sha ganin ɗan guntun bidiyon nan na wani ƙato da yake nuna abokin faɗansa da yatsa yana ce masa ya riga ya mutu, kuma kana son sanin ko labarin ya cancanci a zauna masa ko kuwa fasa kawuna ne kawai daga farko har ƙarshe. Hajiya kuma ta ƙara da tambayar ko yara za su iya kalla. Zan haɗa amsoshin biyu a murya ɗaya, amma ku sani zan bayyana yadda wasu abubuwa suka ƙare, domin labarin ya haura shekara 40 a duniya.

Sunansa Hokuto no Ken, masu Turanci suna ce masa Fist of the North Star, 'yan uwanmu na Nijar da Kamaru da za su neme shi da Faransanci kuwa za su same shi da sunan Ken le Survivant. Manga ne, wato labarin zane na Japan, wanda Buronson ya rubuta, Tetsuo Hara ya zana, kuma ya riƙa fitowa mako-mako a mujallar Weekly Shonen Jump daga 1983 zuwa 1988, babi 245, waɗanda daga baya aka tattara a juzu'i 27. Hara yana ɗan shekara 22 lokacin da aka fara. Kamfanin Toei ya mai da shi katun na talabijin, tashar Fuji ta nuna kashi 109 daga 1984 zuwa 1987, sannan aka ci gaba da wasu 43 zuwa 1988. Duk wanda ya dubi zanen zai gane inda aka ɗauko kamanninsa, domin hamada da babura da 'yan daba masu askin zanko daga fim ɗin Mad Max 2 na 1981 suke, tsayuwar jarumin da ihunsa a wajen faɗa kuma na Bruce Lee ne, kuma masu aikin ba su taɓa ɓoye hakan ba.

Labarin ya buɗe ne a wata shekara da aka rubuta 199X, bayan yaƙin nukiliya ya ƙone duniya, teku ta ƙafe, hukuma ta rushe, takardar kuɗi ta zama shara, abin da ya rage mai daraja shi ne ruwa da abinci da fetur. A cikin wannan kango Kenshiro yake yawo da tabo bakwai a ƙirjinsa, jere kamar taurarin nan bakwai na arewa masu siffar ludayi. Shi ne magaji na 64 na wani salon faɗa da ake kira Hokuto Shinken, wanda asirinsa shi ne taɓa wasu ɓoyayyun wurare 708 a jikin mutum, ta yadda jikin zai tarwatse daga ciki bayan wasu daƙiƙoƙi. Wannan jinkirin ne ya haifi kalmar da ka ji, omae wa mou shindeiru, wato ka riga ka mutu, domin mugun yana tsaye yana dariya, yana zaton bugun bai yi masa komai ba, alhali aikin gama ya riga ya gama. An ɗauko tunanin daga maganin gargajiyar Sin na danna jijiyoyi, shi ya sa hannun da yake kisa shi ne kuma yake warkarwa, kuma abin kirki na farko da Kenshiro ya yi a labarin shi ne mayar wa wata yarinya mai suna Lin maganarta, wadda ta ɗauke tun ranar da aka kashe iyayenta a gabanta.

To, ƙanena, in don fasa kawunan ne, da labarin bai wuce shekara ɗaya ba, domin ido yana gajiya da abu ɗaya. Abin da ya riƙe mutane shi ne rikicin gado tsakanin 'yan uwa huɗu. Dokar Hokuto Shinken ita ce magaji ɗaya tak a kowane zamani, sauran waɗanda suka koya kuma dole a naƙasa hannayensu ko a shafe abin da suka sani daga ƙwaƙwalwarsu. Malamin gidan, Ryuken, ya riƙi yara huɗu, Raoh da Toki da Jagi da Kenshiro, sai ya tsallake manyan ya ba autan. Duk wanda ya san abin da yakan biyo baya a gidan sarauta idan aka naɗa ƙarami alhali yayyensa suna raye, ya riga ya fahimci rabin labarin.

Jagi shi ne mafi rauni, kuma hassada ce ta cinye shi. Shi ya zuga Shin, abokin Kenshiro, ya ƙwace masa budurwarsa Yuria, Shin ɗin ya kuma huda wa Kenshiro ƙirji da yatsa sau bakwai, daga baya kuma Jagin ya yi wa kansa irin tabon, yana ta'asa da sunan ƙaninsa domin ya ɓata shi. Toki kuwa shi ne ya fi cancanta da gadon, kowa ya yarda da haka, amma ranar da bama-bamai suka sauka ya tura Kenshiro da Yuria cikin maɓoya, ya tsaya a waje ya rufe ƙofar, ƙurar nukiliya ta bar masa cutar da ba ta da magani. Sai ya juya ilimin kisan ya zama na jinya, yana bi ƙauye-ƙauye yana duba marasa lafiya, gashinsa ya yi fari fat tun yana matashi. Raoh, wanda uwarsu ɗaya ubansu ɗaya da Toki, ya ƙi miƙa hannayensa, ya kashe malamin, ya naɗa kansa sarki, ya hau wani baƙin doki mai girman giwa, yana cewa duniyar da ta rasa doka ba abin da zai daidaita ta sai tsoro. Abin da ya sa nake girmama rubutun shi ne ba a mai da Raoh mahaukaci ba. Hujjarsa tana da ƙarfi a irin wannan zamani, kuma faɗansa da Toki, inda mara lafiya ya danna wa kansa wuraren da suke ƙara ƙarfi na ɗan lokaci amma suke rage kwana, wan kuma ya gane hakan yana dukansa hawaye na zuba, ya fi duk wani fashewar kai tsayawa a zuciya.

Akwai kuma ɗaya gidan, Nanto Seiken, wanda salonsa yanka ne daga waje, mai rassa 108 da manyan taurari shida. A nan ne marubucin ya fi nuna gwanintarsa, domin kusan kowane ɗayansu an gina shi ne domin mutuwarsa. Rei ya shigo yana neman ƙanwarsa da aka sace, Raoh ya taɓa shi ya bar masa kwana uku, sai ya kashe kwanakin wajen rama wa Mamiya, matar da yake so, wulaƙancin da Yuda ya yi mata. Amma wanda na fi so a tsaya a kansa shi ne Shu. Tun Kenshiro yana yaro, Shu ya kayar da shi a wata gasa da dokarta ita ce a kashe wanda ya faɗi, sai Shu ya tsiyaye idanunsa da hannunsa a madadin ran yaron. Shekaru bayan haka Souther, wanda yake kama yara yana sa su gina masa dala, ya kama Shu, ya yanke masa jijiyoyin ƙafa, ya ɗora masa dutsen da za a rufe ƙololuwar dalar da shi, ya ce in ya yar da shi za a kashe mutanen da aka yi garkuwa da su. Makaho, gurgu, ya hau matakalar nan har sama. Shi kansa Souther, da aka zo kansa, sai aka tarar malaminsa ne ya sa shi kashe shi ido a ɗaure yana ɗan shekara 15, a matsayin jarrabawar gado, kuma tun daga ranar ya yanke cewa ƙauna azaba ce da ba zai sake ɗauka ba. Dalar ma kabarin malamin ce. Ina ganin an ɗan yi masa sassauci fiye da kima, domin mutumin da ya bautar da yara bai kamata a sallame shi da hawaye kaɗai ba, amma wannan ita ce ɗabi'ar labarin, kusan ba babban mugu da yake mutuwa ba tare da an buɗe raunin da ya mai da shi haka ba.

Duk waɗannan mace-macen suna da aiki a ginin labarin. Mafi girman fasahar Hokuto, Muso Tensei, ba ta samuwa sai ga wanda ya ɗauki baƙin ciki na gaske, kuma Kenshiro ya same ta ne saboda ya binne Shin da Rei da Shu da Toki. Raoh, wanda ya fi shi girman jiki da ƙarfin dantse, ya ga ƙafarsa tana rawa a gaban ƙaninsa, ya rasa dalili. Ya je ya gwada kansa da Fudo, wani ƙaton da ya taɓa tsorata shi a ƙuruciya, wanda yanzu ya tuba yana renon marayu. Raoh ya ja layi a ƙasa, ya umarci maharbansa su harbe shi in ya ja da baya ya tsallake layin, kuma ya tsallake, saboda kallon da marayun suke yi masa, sai maharban suka harbi Fudo maimakonsa. Daga nan ya gane abin da ya rasa. A ƙarshe, bayan Kenshiro ya yi galaba a kansa, ya tsaya da ƙafafunsa, ya ɗaga dunƙulen hannu sama, ya ce ba ya nadamar komai a rayuwarsa, ya mutu a tsaye. Japanawa sun riƙi wannan mutuwar da muhimmanci har a 2007 aka yi wa Raoh taron jana'iza a wani wurin ibadar Buddha da ke Tokyo, lokacin da ake tallata wani sabon fim a kansa.

Yanzu ga aibinsa, domin kada ka ce na yaudare ka. Katun ɗin talabijin yana da jan ƙafa. Labarin Shin, wanda a manga bai wuce babi kusan goma ba, an miƙe shi zuwa kashi 22 da ƙananan mugaye da aka ƙirƙira domin cike lokaci, ga maimaita zane, ga wasu kashi na shirin da ba komai a cikinsu sai tuna baya. Matan labarin, in ka cire Mamiya, yawanci ana faɗa ne a kansu, ba su suke motsa al'amura ba, har Yuria da aka ce ita ce tauraruwa ta shida ta Nanto. Sannan abin da ya biyo bayan mutuwar Raoh, wato girman Lin da Bat, yaron da yake bin Kenshiro, da tafiya ƙasar Shura inda aka fito da Kaioh, yayan Raoh, a ganina bai kai na farko ba, domin an sake buɗe asalin da aka riga aka rufe da kyau. Shawarata ita ce ka karanta manga tun daga farko har mutuwar Raoh, wajen juzu'i na 16, domin zanen Hara, da yadda yake cika fuska da inuwa da jijiyoyi, ya fi abin da talabijin ta iya kwaikwaya a wancan lokaci. In kuwa katun ɗin kake so, ka daure da kashi 22 na farko, daga zuwan Rei labarin yake kama wuta. Fim ɗin 1986 ya cusa labari mai tsawo a ƙasa da awa biyu, ya sauya abubuwa da yawa, na Amurka na 1995 da mutane suka taka kuwa ba sai ka ɓata datarka a kansa ba.

Hajiya, game da yara, amsata ita ce a'a ga ƙanana. Gaskiya ne a Japan mujallar samari ce ta buga shi, kuma an nuna shi da farkon dare, amma ko a can sai da Toei ta riƙa rufe fashewar jiki da inuwa da sauya launin jini. A Faransa, da aka sa shi a shirin yara na Club Dorothée a 1988, iyaye da 'yan siyasa sun yi ca, masu ɗora muryar Faransanci kuma suka cika shi da barkwanci domin rage zafinsa, abin da ya sa fassarar ta yi nisa da asalin. Akwai azabtarwa, akwai sace mata, akwai kisan tsofaffi da yara a gaban ido, manga ɗin kuma ba ya rufe komai. Matashin da ya kai shekara 16 ko 17 zai iya, musamman in akwai babba kusa da za su tattauna, amma ɗan firamare a nema masa wani abin daban. Wassalamu alaikum.