Daga ɗaukar ƙwayar HIV zuwa ƙanjamau: likita ya amsa tambayoyinku

Likita, wata uku ke nan da aka gwada ni aka ce ina ɗauke da HIV, amma ko ciwon kai ba na yi. Shin ƙanjamau ne ya kama ni? Shekara nawa suka rage mini? Daga wani bawan Allah, Gusau.

Ɗan'uwa, ka kwantar da hankalinka. Ɗaukar ƙwayar daban, ƙanjamau daban. Ƙanjamau shi ne zango na ƙarshe, kuma wanda ya riƙe magani ba dole ne ya taɓa isa can ba.

A cikin jininmu akwai wasu fararen ƙwayoyi da muke kira CD4, su ne ke tsara yaƙin da jiki yake yi da cututtuka. Mai lafiya yana da kamar 500 zuwa 1,500 a ma'aunin da muke aunawa. Su HIV take shiga, ta hayayyafa a cikinsu, ta kashe su. Mako biyu zuwa huɗu bayan shigarta wasu kan yi zazzaɓi, ciwon maƙogwaro, ƙuraje ko kaluluwa, a ɗauka maleriya ce, a sha magani, abin ya wuce. Daga nan sai shiru. Mutum yana noma, yana zuwa kasuwa, ba abin da ya dame shi, alhali tana cin garkuwarsa kamar yadda gara take cin azara: daga waje ɗaki lafiya lau, sai ranar da aka yi ruwa mai ƙarfi.

In ba a shan magani, wannan shirun yakan kai kimanin shekara 8 zuwa 10. Wani ya fi sauri, musamman mai yawan shekaru, ko mai fama da rashin abinci, ko wanda tarin fuka ya haɗu masa da ita. Muna cewa an kai ƙanjamau idan CD4 ta sauka ƙasa da 200, ko kuma wata cuta ta bayyana wadda ba ta samun ƙofa sai garkuwa ta rushe: sanƙarau na naman gwari, farin dattin da ke tsirowa daga baki har cikin maƙoshi ya hana haɗiya, ko sankaran fata mai suna Kaposi.

Abin da ya dame ni a wasiƙarka shi ne ba ka ce ka fara magani ba. Tun 2015 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a daina jira sai CD4 ta faɗi, duk wanda aka gano a ɗora shi kan magani nan take. Ƙwayar magani ɗaya ce a rana, wadda ake kira TLD, kuma kyauta ake ba da ita a asibitocin gwamnati. Ka koma inda aka gwada ka a wannan makon. Maganar shekarun da suka rage kuwa, wa'adi na Allah ne, amma wanda ya fara da wuri ya kuma riƙe, rayuwarsa kan yi kusan tsawon ta kowa.

Maigidana ya shekara huɗu yana shan magani, ya yi ƙiba, gwaji ma ya nuna ba a ganin ƙwayar a jininsa. Yanzu ya ce ya warke, ya ajiye. Gaskiyarsa ce? Daga wata matar aure, Maraɗi.

Malama, bai warke ba, kuma wannan ne kuskuren da ya fi ƙona mini rai a wannan aikin. Maganin danne ƙwayar yake yi, ba ya kawar da ita. Tana nan laɓe a cikin wasu ƙwayoyin jiki, kuma cikin 'yan makonni da ajiye magani takan dawo ta cika jini. Sai CD4 ta sake gangarowa. Mai sha yau ya bari gobe kuma yana koya wa ƙwayar yadda za ta bijire wa maganin.

Akwai naki haƙƙin a ciki. Lokacin da ba a ganin ƙwayar a jininsa, ba ya iya shafa miki ta wajen kwanciya. Yanzu wannan kariyar ta tafi. Ki je a gwada ki, ku yi amfani da kwaroron roba har ya koma kan magani gwaji ya sake yin kyau. Ki lallashe shi cikin sirri, ba da gori ba. Addu'a da shan magani ba sa karo da juna.

Ƙanena yana ta rama, ga gudawa da tari fiye da wata guda. Ƙanjamau ne? Daga Malam S., Jos.

Ido ba ya gane wannan, Malam, ko na likita. Ciwon suga da tarin fuka ma suna ramar da mutum. A gwada jininsa da majinarsa rana ɗaya, domin tarin fuka shi ya fi kowace cuta kashe masu HIV, kuma ana warkar da shi. Ko da a ce ya kai matakin ƙanjamau, ba a makara ba. Ana ɗora shi kan maganin HIV, a haɗa masa da Septrin don tare wasu cututtukan, garkuwa kuma ta farfaɗo a hankali.

Ina da cikin wata biyar, a wajen awo aka gano ina da HIV. Jaririna ma zai yi shekara goma kafin ta nuna? Daga wata baiwar Allah, Zariya.

A'a 'yar'uwa, ga jarirai tafiyar ta fi sauri ƙwarai, don garkuwarsu ba ta yi ƙwari ba. Cikin waɗanda aka haifa da ita ba a ba su magani ba, kusan rabi ba sa kaiwa shekara biyu. Amma ke kin ci sa'a da aka gano yanzu. Ki fara maganin yau, ki haihu a asibiti, a bai wa jaririn nasa na ruwa tun ranar haihuwa, a gwada shi yana da mako shida. Ki ba shi nono zalla wata shida, ko ruwa kada a haɗa, kina shan maganinki ba fashi. Akasarin matan da suka bi wannan suna haifar 'ya'yansu ba tare da ƙwayar ba. Allah ya sauke ki lafiya.