Kayan wani ne, amma motata ce: za a iya ƙwace ta?

Tambayar ta zo daga wani ɗan kasuwa a Sakkwato: "Ina da sito kusa da Tsohuwar Kasuwa, ina ba 'yan kasuwa hayar ɗakuna suna ajiye kaya. Ina kuma da motar ɗaukar kaya ƙirar kanta ɗaya da ke jigila tsakanin Illela da gari. Kwanan baya kwastan suka kama motar maƙwabcina saboda an sami shinkafar waje a ƙarƙashin buhunan albasa, alhali kayan ba nasa ba ne. Shin gwamnati na iya ƙwace dukiyar mutum a kan laifin abokin cinikinsa? Me zan yi tun abin bai zo kaina ba?"

Alhaji, tana iyawa. Amma a rarrabe tsakanin kamawa da ƙwacewa, don a nan mutane ke ruɗewa. Kamawa ita ce hukuma ta riƙe mota ko ta garƙame sito don bincike, kuma sashe na 44 na kundin tsarin mulkin 1999, wanda ya kare dukiyarka, shi ne dai ya ba da wannan dama. Ƙwacewa kuwa, wato dukiya ta koma ta gwamnati har a yi gwanjonta, bisa ƙa'ida sai ta bi ta hannun kotu. Tsakanin biyun nan ne kake da damar ceton abinka, kuma damar ba ta daɗewa.

Motarka ta fi sitonka shiga haɗari. A dokar kwastan, abin da aka ɗauko kayan fasa-ƙwauri da shi yana shiga cikin abin da ake kamawa, ba a tsayawa a bakin hanya ana tambayar wa ya saye shi. Shinkafar waje kuwa tun 2016 aka hana shigo da ita ta iyakokin ƙasa, Illela na ciki.

Shi sito, abin tsoronsa ƙwaya. Dokar NDLEA, hukumar yaƙi da miyagun ƙwayoyi, ta ce mai riƙe da wuri ko mai kula da shi, idan ya bari aka ajiye ko aka ɓoye miyagun ƙwayoyi a ciki, yana iya shan ɗaurin da ya kai shekara 25. Ka lura da kalmar "ya bari". Duk shari'ar a kanta take juyawa: ka sani ka kau da kai, ko kuwa an ha'ince ka? Ga kuma dokar ƙwato dukiyar haram ta 2022, wadda ta ba da damar a nemi kotu ta ƙwace dukiyar da aka yi aikin laifi da ita ko da ba a kai ga ɗaure kowa ba.

To, "wallahi ban sani ba" kowa yana faɗa, har mai laifin. Alƙali takarda yake dubawa, kuma takardar da aka rubuta kafin ranar kamu. Saboda haka kowane ɗaki ya kasance da yarjejeniyar haya a rubuce: sunan mai haya, lambarsa ta NIN, hotonsa, irin kayan da zai ajiye, shaidu biyu, da sharaɗin cewa kana da ikon buɗewa ka duba. Sai littafin shige da fice a hannun maigadi: kwanan wata, lambar mota, katan nawa, wa ya kawo, wa ya sa hannu. Wanda ya ce kayansa sai da dare za a sauke, ko ya ninka maka kuɗin haya ba tare da ka nema ba, ko ya ce magani ne amma ba shi da takardar izinin sayar da magani, ka sallame shi. Tiramol mai ƙarfin 225 da maganin tari mai kodin, wanda aka haramta a 2018, a cikin katan na wasu kaya ake lulluɓe su. Ka riƙa sa a buɗe katan biyu ko uku daga tsakiyar lodi, ba na sama da aka gyara don ido ba.

Ta ɓangaren mota, rauninka direba ne. Sau da yawa mai mota yana gida, direba da yaron mota suka karɓi "ɗan saƙo" a hanya don na cefane. Ka rubuta masa sharaɗi ya sa hannu: ba lodi sai da takardar kaya mai sunan mai su da lambar wayarsa, ba ƙarin kaya bayan an tashi, a ɗauki hoton lodi a turo maka kafin a ɗaure tamfol. Takardun motar kuma su koma sunanka. Mutanenmu suna sayen mota su bar ta da sunan mai ita na farko shekara da shekaru, ranar da aka kama ta sai a rasa wanda zai tsaya gaban kotu ya ce tasa ce.

Idan kuma ƙaddara ta faɗa, ka nemi takardar kamu da jerin abin da aka ɗauka, ka ɗauki lauya a ranar. Kada ka bi 'yan "bari in yi maka hanya". Kuɗinka zai tafi, ka kuma ƙara wa kanka laifin ba da cin hanci. Shari'ar kwastan da ta ƙwaya a Babbar Kotun Tarayya ake yinsu, kuma akwai ta a nan Sakkwato. Idan kotu ta ba da umarnin ƙwacewa na wucin gadi, akan buga sanarwa a jarida cewa mai haƙƙi ya zo ya faɗi dalilin da zai hana a ƙwace gaba ɗaya, sau da yawa cikin kwana 14. Ka sa lauyanka ya riƙa bibiyar rajistar kotun, don ba lallai ne wani ya kira ka a waya ba. Ka tafi masa da rasidin sayen motar, yarjejeniyar haya, littafin maigadi da hotunan lodin ranar, na asali da kwafi bibbiyu.