Bahaya Tana Matsa Mini a Tsakiyar Jama'a, Yaya Zan Yi?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni magidanci ne ɗan shekara 41, ina zaune a Samaru, kuma ina da shagon atamfa a kasuwar Sabon Gari. Shekara uku ke nan ina fama da murɗawar ciki da gudawar da ke zuwa ba sallama. Na je asibiti an yi mini gwaje-gwaje, likita ya ce lalurar hanji ce da suke kira IBS. Watan jiya abin ya taso mini a masallacin Juma'a ana cikin huɗuba, na yi ta tsallake mutane, kuma ban kai banɗaki ba sai da na ɓata wando. Tun ranar ba na karyawa kafin in fita, na daina zuwa ɗaurin aure, kuma Flagyl ba ta rabuwa da aljihuna. Don Allah a ba ni shawara. Daga wani mai karatu a Samaru, Zariya.

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Allah ya ba ka lafiya, ya sa kaffara ne. Na fahimci cewa tun ranar Juma'ar nan ka ɗauki matsayin da muguwar rawa gara ƙin tashi, amma ina roƙonka ka sake tunani, domin tsoron da ya zaunar da kai yana daga cikin abubuwan da ke tayar da cikin. Hanji da ƙwaƙwalwa suna aika wa juna saƙo ta jijiyoyi, saboda haka da zarar mai wannan lalura ya shiga keke ya fara tunanin ina zai zagaya idan ta taso, fargabar kanta takan sa hanjin ya soma matsawa. Abin da ke rage wannan fargaba shi ne mutum ya fito daga gida da shirinsa.

Mu fara da safiya. A jikin kowane mutum, idan abinci ya sauka a tumbi, babban hanji yakan motsa don ya fitar da abin da ke cikinsa, kuma motsin ya fi ƙarfi bayan karin kumallo. Ga mai IBS abin yakan zo da gaggawa fiye da kima. Ƙin cin abinci yana jinkirta matsalar ne kawai zuwa azahar, lokacin da yunwa za ta sa ka cika ciki a shago, inda banɗaki ya fi nisa. Gara ka karya da wuri, jim kaɗan bayan sallar asuba, da abu marar maiƙo kuma ba mai yawa ba, sannan ka ba kanka kamar awa ɗaya a gida kafin ka kama hanya.

Sai ka yi mako biyu ko uku kana rubuta abin da ka ci da lokacin da cikin ya motsa. Waɗanda aka fi kamawa da laifi su ne wake da danginsa irin su ƙosai da alale, albasa, tafarnuwa, yajin tsire, abinci mai mai da yawa, shayi mai kauri da madara, kofi da lemon kwalba. Masu bincike a Jami'ar Monash ta Ostareliya sun nuna cewa wasu nau'o'in sukari da ke cikin wake, albasa, alkama da madara ba sa narkewa sosai, sai su jawo ruwa cikin hanji su kuma haifar da iska. Amma ciki ya bambanta: wani madara ce ke tayar masa alhali nono bai dame shi ba, don haka kada ka haramta wa kanka komai a lokaci guda, ka riƙa cire abu ɗaya kana lura.

Batun Flagyl kuwa, ina so ka ajiye ta. Magani ne na kashe ƙwayoyin cuta irin waɗanda ke kawo atini, ba ta warkar da IBS, kuma yawan shan ta babu dalili yana hargitsa ƙwayoyin halitta masu amfani da ke zaune a hanji. Wanda ake bayarwa don rage gaggawar bahaya shi ne loperamide, wanda ke sassauta tafiyar hanji kuma yakan fara aiki cikin kamar awa ɗaya, shi ya sa wasu ke shan sa kafin doguwar tafiya ko taro. Likitanka ne zai tsayar maka da adadin, ba mai kemis ba, kuma ba a shan sa idan akwai zazzaɓi ko jini a bahaya.

Hanyarka daga Samaru ta Palladan da Kwangila zuwa Sabon Gari ka san ta kamar tafin hannunka, to ka ƙara saninta ta wannan fuska: wane masallaci ne ko gidan mai ke da makewayi a buɗe, kuma ina ne banɗakin haya mafi kusa da shagonka. Ka riƙe ƙaramar jaka mai ɗauke da gajeren wando, wando guda, leda, sabulu da canjin biyan kuɗin banɗaki. A keke ko bas ka zauna bakin ƙofa. Idan ta taso, kada ka ruga da gudu, domin gudu yana ƙara matsa ciki. Ka tsaya cak, ka matse dubura, ka ja numfashi a hankali, sau da yawa murɗawar takan lafa na ɗan lokacin da zai ishe ka ka isa. Haka kuma yana da kyau maƙwabcin shagonka ɗaya ya san kana da lalurar ciki, don ya riƙa duba maka kaya ba tare da dogon bayani ba.

A masallaci ka zaɓi gefen sahu kusa da ƙofa. Fitarka ba rashin ladabi ba ce, domin ya tabbata a hadisin da Muslim ya ruwaito daga Nana A'isha cewa ba a yin salla alhali fitsari ko bahaya suna matsa wa mutum. Malaman fiƙihu kuma sun yi bayanin sauƙin da aka yi wa mai uzurin da ke yawan karya masa alwala, sai ka zauna da malaminka ka gaya masa halin da kake ciki dalla-dalla.

Ranar da gudawar ta yi yawa, ka sha ruwan gishiri da sukari: lita ɗaya ta ruwa mai tsabta, ƙaramin cokali shida na sukari da rabin ƙaramin cokali na gishiri. Idan kuwa ka ga jini a bahaya, ko kana ramewa ba dalili, ko gudawar tana tashin ka daga barci, ko zazzaɓi ya haɗu da ita, to waɗannan ba alamun IBS ba ne, suna iya nuna kumburi ko gyambo a hanji. Kada ka jira, ka koma wurin likitanka ya tura ka ga ƙwararren likitan ciki a Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika, wanda ba shi da nisa da Samaru, kuma ka tafi da takardar da ka rubuta abincinka a ciki.