Ga 'yar uwar da aka gayyata haikalin Sanyuan Gong

Wa alaikumus salam 'yar uwa. Wallahi ina karanta tambayarki gabana ya faɗi, kin ce matar mai kamfanin da kike sarin takalma a wajensu ta ce za ta kai ki Sanyuan Gong, haikalin addinin Tao da ke Guangzhou a Chaina, ranar hutu, kina tsoron ki ƙi ta ji haushi ciniki ya lalace, kina kuma tsoron ki je ki taɓa addininki. Ni ma haka aka min, wurin nan dai na gindin dutsen Yuexiu, shi ya sa na kasa wucewa ban ce komai ba.

Hukuncin shiga dai ki tambayi malaminki tun kafin ranar, ni ba malama ba ce. Nawa ya ce min kallo daban bauta daban, kar na rusuna, kar na kunna turare, kar na saka kuɗi a akwatinsu, a kan haka na je. In naki ya ce kar ki je to ki ba ta haƙuri kawai, mutanen nan sun san Musulmi, ba yau suka fara ganinmu a Guangzhou ba, kuma ba wanda zai soke oda saboda wannan, kuɗinki suke so.

Amma abin da nake so ki ji shi ne wa za ki tafi da ita. Ni da wata muka je, garinmu ɗaya, jirgi ɗaya, ɗaki ɗaya muka kama a unguwar Xiaobei, ni na biya mata kuɗin mota ma ranar. Muna gama hawa matakalar nan ta bakin ƙofa matar da ta gayyace ni ta miƙo min turaren tsinke guda uku da hannu biyu, ke kin san yadda suke miƙa abu da girmamawa, na karɓa kamar yadda ake karɓar kyauta, ban kunna ba, na ce mata ni Musulma ce na mayar mata, ta yi ta ba ni haƙuri har kunya ta kama ni. To ashe a ɗan tsakanin nan wannan baiwar Allah da muka zo tare ta ɗauke ni hoto, turare a hannuna, hayaƙi a bayana. Kafin na dawo gida hoton ya zaga dangin mijina kaf. Wai Hajiya ta je Chaina tana bautar gunki don kasuwa ta buɗe. Ni! Uwar mijina ta kira ni tana kuka, ba faɗa ba, kuka, tana cewa 'yar nan me ya kai ki, wannan kukan har yau in na tuna sai na ji wani abu ya tokare min ƙirji. Ina zaune a ƙasan ɗakin otal ga kwalaye ba a gama ɗaurewa ba, ita kuma tana kan gado tana danna waya kamar ba ita ba. Da na tambaye ta cewa ta yi wai wasa ne, mutum ɗaya ta tura wa. Wasa da imanin mutum? Maigida Allah ya saka masa ya tsaya min, amma a wajen biki sai ka ga an yi shiru in na shigo. Na bar ta da Allah, ban sake haɗa ko kwantena da ita ba.

Don haka ki faɗa wa matar tun a manhajar hira ta WeChat, kafin ku haɗu, cewa ke kallo kawai za ki yi, ba turare ba rusunawa. Hannunki ya zauna a kan jakarki. Hijabinki kuma ba wanda ya ce min na cire, kallo dai za a kalle ki kamar ko'ina.

Wurin kansa tsoho ne sosai, tun shekara ta 319 aka kafa shi, kin ga ya girmi zuwan Musulunci da kusan shekara 300. Wani gwamna Bao Jing ne ya gina, 'yarsa Bao Gu mai magani ce, tana ƙona wani ganye a kusa da fatar mutum ta warkar da ƙuraje, har yanzu akwai ɗakin da aka ware da sunanta, matar ta fi daɗewa a nan tana ba ni labarinta. Sunan Sanyuan ɗin daga baya ne, zamanin daular Ming, saboda wasu uku da suke bauta wa, na sama da na ƙasa da na ruwa. Ki tambaye ta kwanan watansu, domin ran 15 ga watan ɗaya da na bakwai da na goma a kalandarsu ta wata bikinsu ne, cunkoso da hayaƙi ba a magana, in kina da asma kar ma ki soma. Ko 1 da 15 na kowane wata ma ana cika.

Kar ki taka dokin ƙofa, katako ne mai tsayi, tsallakewa ake. Kar ki nuna gumakan da yatsa, kar ki ɗauki hoto a cikin ɗakunan, ni ma a tsakar gida na tsaya na bar ta ta shiga ita kaɗai. Masu kula da wurin za ki gan su da shuɗin kaya sun ɗaure gashi a tsakar ka, ba sa son a tambaye su shekarunsu, ba ruwansu da ke in ba ki kula su ba.

Sai abinci, don bayan an fito dole ta ce ku ci wani abu. Ki ce qingzhen kawai, ta san halal kike nufi, ko ku shiga shagon taliyar Lanzhou, irin na Musulmin can. Kuma tunda kin zo nan, tasha ɗaya ce a layi na 2 na jirgin ƙarƙashin ƙasa zuwa Yuexiu Park, masallacin da ake cewa kabarin Sa'ad bin Abi Waƙƙas yana can, ko da yake malamanmu sun ce a Baƙi'a aka binne shi. Ni can na wuce na yi azahar, matar ta zauna a waje tana jira na riƙe da jakata har na idar.

In kin yanke za ki je, ki faɗa wa maigidanki da bakinki tun yau, da mahaifiyarki in tana raye, su ji daga wajenki.