Na tsara wa kwamfuta aikin dare, amma ba ta yi

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. Ina da shagon buga takardu a Zariya. Na saita Task Scheduler na Windows, wato manhajar da ke gudanar da aiki da kanta a lokacin da aka tsara, ya riƙa kwafe ayyukan kwastomomi zuwa faifan ajiya na waje kullum da ƙarfe 9 na dare, amma sau da yawa da safe sai in tarar ba a kwafe komai ba. Ina matsalar take?

Amsa: Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Na ji daɗin wannan tanadi naka, domin takardun mutane amana ce a hannunka. Zatona ya fi karkata ga wutar lantarki. Idan aka ƙirƙiri aiki a Task Scheduler, Windows kan gindaya masa sharaɗin kada ya fara sai kwamfutar tana jone da wuta, saboda haka idan laftof gare ka, kuma aka ɗauke wuta kafin ƙarfe 9, aikin ba zai tashi ba, ba kuma za ka ga wani gargaɗi ba. Ka danna aikin sau biyu, ka shiga sashen Conditions, ka cire alamar da ke gaban "Start the task only if the computer is on AC power".

Daga nan ka wuce sashen Settings, ka sa alama a "Run task as soon as possible after a scheduled start is missed", wanda ke sa kwamfutar ta rama aikin da ya kuɓuce mata kimanin minti 10 bayan ka kunna ta. Wannan yana da muhimmanci ƙwarai, domin zaɓin tayar da kwamfuta don ta yi aikin, wato "Wake the computer", kwamfutar da ke barci kawai yake tayarwa, ba ya kunna wadda aka kashe.

Ka kuma duba harafin faifan, domin wanda yake E: yau yana iya zama F: gobe idan an riga shi jona filasha, sai aikin ya nemi faifan ya rasa. A Disk Management, wato sashen Windows mai kula da faya-fayai, za ka ba shi tsayayyen harafi, kamar Z:.

Da ni ne, sai in mayar da lokacin ƙarfe 5 na yamma, sa'ilin da janareta ke aiki kuma kana shagon. Bayan gwaji ka leƙa "Last Run Result": 0x0 na nufin aiki ya kammala, amma idan da robocopy (umarnin kwafe fayiloli na Windows) kake kwafewa, 0x1 ma alama ce ta an kwafe fayiloli lafiya.