Tiyatar ƙaba ga dattijo mai hawan jini: hana abinci, allurar baya da kulawar bayan aiki

Tambaya: Assalamu alaikum, Likita. Mahaifinmu manomi ne mai shekara 63. Ya kai shekara biyu yana da kumburi a matsematsinsa na dama, wanda ke fitowa idan ya ɗauki kaya ko ya yi tari, ya kuma koma idan ya kwanta. A asibiti an ce ƙaba ce, an sa ranar aiki, an ce kada ya ci komai daga tsakar dare, kuma allurar baya za a yi masa. Yana shan maganin hawan jini. Wasu 'yan'uwa na cewa a bar ta tunda ba ta cika damunsa ba, wasu kuma na cewa allurar baya tana barin mutum da ciwon baya har ƙarshen rayuwarsa. Ina gaskiyar take?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Allah ya ba Baba lafiya, ya sa a yi aikin a sa'a.

Ƙaba tana samuwa ne idan naman da ke riƙe da bangon ciki ya yi rauni a wani wuri, sai hanji ya sami kafar da zai turo ƙarƙashin fata. A matsematsi ta fi yawa, kuma kimanin namiji ɗaya cikin huɗu yakan gamu da ita a tsawon rayuwarsa. Idan ta daɗe takan gangara cikin maraina, wato abin da mutane ke kira gwaiwa. Babu jiƙo, ƙwaya ko ɗamarar da ke rufe wannan kafa; ɗinki ne kaɗai yake rufe ta.

Gaskiya ne cewa ƙabar da ba ta ciwo ana iya jinkirta aikinta a wasu mutane bisa shawarar likita, amma ba zan ba manomin da ke ɗaga buhu da garma wannan shawara ba, musamman idan gidansa na nesa da asibitin da ake tiyata. Abin da muke gudu shi ne ranar da hanjin zai fito ya maƙale, bakin kafar ya shaƙe shi, jini ya daina kai masa. A ranar kumburin yakan yi tauri, ya ƙi komawa, ciwo ya tsananta, amai ya biyo baya, bayan gida da iska su tsaya, kuma cikin 'yan sa'o'i hanjin yana iya mutuwa har a yanke wani sashe nasa. Aikin da aka shirya masa da rana tsaka, bayan an daidaita hawan jini, ya fi wanda za a yi da ƙarfe biyun dare sauƙi da aminci nesa ba kusa ba.

Shi aikin kansa yawanci bai wuce awa ɗaya ba. Ana yanka kaɗan a matsematsi, a mayar da hanjin mazauninsa, sannan a shimfiɗa wata raga ta musamman a ɗinke ta a kan wurin da ya yi rauni, hanyar da likita Irving Lichtenstein na Amurka ya yaɗa a shekarun 1980, wadda ta rage dawowar ƙaba ƙwarai.

Batun hana abinci shi ne inda na fi so iyalai su fahimta, domin a nan ne tausayi yake jawo matsala. Mutumin da aka sa shi barcin tiyata ba ya iya tari ko haɗiya, saboda haka idan akwai abinci a cikinsa yana iya tasowa ya zube a huhu, ruwan ciki mai tsami ya ƙona huhun. Tun a 1946 wani likitan haihuwa a New York, Curtis Mendelson, ya bayyana wannan haɗari. Ƙa'idar da aka fi bi a yau ita ce awa 6 ba abinci, awa 8 idan mai maiƙo ne, ruwa zalla kuwa ana iya sha har zuwa awa 2 kafin aiki idan likita ya yarda. Koko, kunu, fura da shayi mai madara duk a sahun abinci suke. Na taɓa ɗage aikin wani dattijo bayan ya riga ya sa rigar tiyata, saboda uwargidansa ta ba shi koko da asuba a murfin fulas, ta ce ai ba tuwo ba ne. Na yi mata godiya da ta faɗi gaskiya. Ko da allurar baya aka shirya dokar tana nan, domin wani lokaci allurar ba ta kama sosai, sai a koma ga barcin gaba ɗaya.

Allurar baya ana yin ta ne a ƙasan gadon baya da siririyar allura, a ƙasa da inda laka ta ƙare. Baba zai kasance a farke, ƙafafunsa su yi nauyi, ba zai ji yankan ba, kuma bayan awa biyu zuwa huɗu motsi zai dawo. Wurin allurar yakan yi tsami na 'yan kwanaki, wasu kan sami ciwon kai da ke ƙaruwa idan sun tashi zaune, dattawa kuma kan sha wahalar fitsari a ranar farko har a sa musu roba. Amma bincike bai nuna tana haddasa ciwon baya na dindindin ba.

Ku tafi da duk magungunansa a ledarsu ku nuna wa likitan allurar barci, har da na gargajiya da asfirin, domin wasu na sa jini ya ƙi tsayawa. Yawancin magungunan hawan jini ana sha da safiyar aiki da kurɓin ruwa, wasu kuma ana dakatar da su, kuma likitan ne zai tantance. Idan yana da tari mai daɗewa, taurin bayan gida ko yunƙuri wajen fitsari, a faɗa, domin su ne ke matsa wa ɗinki.

Kada ya gaji idan aka yi ta maimaita tambayar sunansa da ɓangaren da za a yi wa aiki. Wannan yana cikin jerin abubuwa 19 da ake dubawa yayin tiyata, da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2008, waɗanda suka haɗa da ƙirga auduga da kayan aiki kafin a rufe yanka. Da aka gwada wannan jeri a asibitoci 8, har da na Ifakara a Tanzaniya, mace-mace sun sauko daga kashi 1.5 zuwa 0.8 cikin 100. Baba yana da haƙƙin nuna ɓangaren dama da hannunsa, ya ga an sa alama a wurin.

Bayan an fito ne aikinku yake farawa. Wani bincike da aka wallafa a 2018, wanda ya bi majinyata sama da 11,000 a ƙasashen Afirka 25, ya gano cewa mafi yawan waɗanda suka rasu ba a kan teburin tiyata suka rasu ba, a kwanakin da suka biyo baya ne. Saboda haka zazzaɓi, amai, kumburin ciki, ƙarancin numfashi, kasa fitsari, ko ja da ruwa mai wari a wurin ɗinki, duk abin da za a koma asibiti a kansa ne nan take, ba a jira ranar da aka rubuta a kati ba. Ya fara takawa a hankali tun ranar farko, ya yi sallah a zaune idan ruku'u da sujada na ja masa ɗinki, kuma ya bar garma da ɗaukar buhu na mako huɗu zuwa shida, ko da damina ta kama.